Hoto Ukun Da Ake Cirewa

Litinin, da hantsi

Littafin nan na Rediyo ne, na lissafi, rabinsa ba ta taɓa ba. Ita ta ce in riƙa rubuta abin da likita ta faɗa, tun da kunnena ya fara yi mini rowa. Rediyo jikata ce, 'yar Autata, shekararta goma sha uku. Mun sa mata sunan ne don tun da ta iya magana ba wanda ya gano inda ake rage mata murya. Yanzu ta rage da kanta.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan a jikin gwangwanin fim na tsince su ɗaya bayan ɗaya, shekarun da na yi ina juya majigi a gidan silima. In rubutun ya karkace, haka ya zo mini.

An sake kwantar da ita. Ƙafafun kamar an hura su, da safe sai ka nemi idon a cikin fuskar. Ɗan fitsarin da take yi duk kumfa ne, kamar an kaɗa sabulu. Ana ɗaura ta a injin wankin ƙoda ta wani bututu da aka sa mata a wuya. Injin yana wani kuka irin na majigina in bel ya saki. Na gaya wa nas, ta ce, "Baba, ku zauna."

Na zauna.

Talata, bayan azahar

Likitar ƙoda yarinya ce, ba ta kai Auta ba, tabaranta ya fi fuskarta girma. Gwajin jinin da aka aika nesa ya dawo. Ta tara mu a ofishinta, ni da Auta da surukina Direba, wanda ke ta murza makullin motarsa kamar zai tatsi mai a ciki. Ta fara da Turanci, na ce, "'Yata, sauko ƙasa inda muke." Ta yi dariya, ta tambayi sana'ata. Da na gaya mata sai ta ajiye biro.

Ta ce, "To bari in bi ta hanyarku, Baba. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai sito. A cikin siton akwai faifan asali, dogo, mai ɗauke da yadda ake ƙera komai na jiki. Biyu ne ma, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba a fitar da shi waje. In ana son wani wuri a cikinsa, kwafi ake yi, a yanyanka kwafin, a cire wasu wurare, a haɗa sauran."

Na ce, "Wa ke yankan?"

"Wasu ma'aikata ne a cikin ƙwayar. Akwai alama a jikin kwafin da ke ce musu, nan za ku yanka. Kuma wuri ɗaya ana iya yanka shi iri biyu, a sami abu biyu daban."

Wannan ba sai an gaya mini ba. Fim ɗaya muke karɓa, amma wanda iyalai ke kallo da yamma daban, wanda samari ke kallo bayan sun watse daban. Ni ke cirewa, ni ke mayarwa.

Ta ce abin da ake ƙerawa daga wannan wurin ba tsoka ba ne, ba ƙashi ba, manaja ne. Shi ke zama a kan faifan asali yana nuna wane wuri za a kwafa yau, wane za a bari a rufe. A ƙoda shi ke ba rariyar da ke tace jini umarni. Kuma iri biyu ake yinsa, dogo da gajere, bambancinsu ɗan mitsitsi, kamar hoto uku a cikin fim. Gajeren ya fi iya kama faifan asali, dogon ya fi bin kwafin da aka fitar yana kula da su. Babu mugu a cikinsu. Amma a lafiyayyen jiki dogon ne ya fi yawa. A jikin Rediyo, alamar da ke cewa a yanka dogo ta goge a ɗaya daga faifan biyu, sai masu yankan suke ta cire hoto ukun nan. Gajeru sun yi yawa, dogaye sun yi kaɗan, umarni ya rikice, rariya ta huje. Shi ya sa ƙwayoyin maganin da aka daɗe ana ɗura mata ba su yi komai ba sai kumbura mata kumatu.

Na ce, "Hoto ukun da ake cirewa, ina suke faɗawa?"

Ta ce, "Ƙwayar ce ke narkar da su."

Na gyaɗa kai. Amma ban yarda ba.

Sai ta kawo maganar dashe. A ciro ƙodar wani a sa wa yarinyar. Kafin ta rufe baki Auta ta ce tata za a ɗauka. Direba ya ce tasa. Auta ta ce masa, "In an kwantar da kai, wa zai ja motar? Baba?" Aka yi dariya, ban da ni.

Laraba, da safe

Hoto uku in suka wuce a bango, ko ƙiftawar ido ba su kai ba. A kan wannan za a farke cikin mutum biyu.

Laraba, da yamma

Na jawo gwangwanayena daga ƙarƙashin gado. Ranar da aka mai da silimarmu wurin ajiye siminti, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka, wani kujera, wani fanka. Ni waɗannan na ɗauka. Duk yankin da na taɓa cirewa yana ciki, kuma in ka ɗaga mini kowanne a haske zan gaya maka daga wane fim ya fito, da wa ya sa aka cire, da wa ya yi faɗa a zaure a daren. Wanda ya koya mini aiki abu ɗaya ya fara faɗa mini kafin ya bar ni in taɓa reza: ba a zubar da yanki. Wanda ya ce a cire yau shi zai ce a mayar gobe.

Mai Tikiti ya shigo ya same ni a ƙasa cikin ƙura. Abokina ne tun yana zaune a tagar silima yana yage tikiti, yanzu haƙori uku suka rage masa yana taƙama da su. Na zayyana masa abin da likita ta ce. Na ce ni da nake bawa ban taɓa zubar da yanki ba, sai jikin da Allah ya ƙera da kansa? Suna nan wani wuri. Ba su dai iya nema ba.

Ya ce, "Majigi, yarinyar nan misali ta ba ka don ka gane. Ba aiki ta ɗauke ka ba."

Na ce ya tashi mini daga kan gwangwani.

Alhamis, bayan la'asar

Ashe Rediyo ta ji. Labulen asibiti ba ya tare magana. Na same ta ta ƙudundune, uwarta ta fita sayen magani.

Ta ce, "Angona, da gaske farke ni za su yi?"

Na ce, "Wa zai farke mini amarya ina raye?"

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka gani. Duba, ka tsallake ɗaya."

Na duba, na tsallake. Amma na zo da shirina. Na fito da yanki biyu, da reza, da 'yar kwalbar gam. Na kankare bakin kowanne, na shafa gam, na haɗa, na danne da babban yatsa ina ƙirga numfashina yadda na saba. Na ɗaga a taga na ce ta nemo haɗin. Ta juya, ta juya, ta kasa. Rabona da ganin haƙoranta tun kafin a sa bututun nan.

Na ce, "Kin gani? Abin da aka cire ana mayarwa. Hoto uku ne kawai suka faɗi a jikinki. Ba wanda zai sa miki wuƙa."

Ta ce, "Ka yi alkawari."

Na yi.

Juma'a, da hantsi

Likita ta tare ni a baranda. Ta ce an gaya mata ni ne ma'ajiyar gidanmu, duk wanda aka haifa da duk wanda ya rasu yana kaina. Gaskiya ne. Ta ce ko akwai wanda ya taɓa irin wannan kumburi a dangi. Na jero mata su tun daga kakana, wanda shanyewar jiki ya ɗauka, wanda mota ta ɗauka, wadda ta tafi wurin haihuwa. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Uwar Auta fa, Baba? Me ya yi ajalinta?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare."

Ta dube ni ta saman tabarau. Sai na juya maganar, na ce masu yankan nan ba a gyara musu hannu? Yaro in yana yanka ba daidai ba, ai nuna masa ake yi. Ta ce akwai wata cuta ta jarirai, ta jijiyoyin da ke motsa jiki, wadda aka yi wa allura irin haka. Allurar tana zuwa ta manne a jikin kwafin, sai masu yankan su bar wurin da suka saba cirewa. Na kama hannun rigarta.

Ta ce, "Ga waccan cutar, Baba. Ga wannan ba a yi ba tukuna. Akwai masu bincike, amma ba bana ba, ba baɗi ba. Ban san yaushe ba."

Akwai. Da bakinta ta ce akwai.

Juma'a, bayan magariba

Takalmina babba ne, ƙafar tsohon ɗan dako gare ni. Ban san abin da ya sa na rubuta wannan ba.

Lahadi, da rana

Na gaya wa Rediyo maganar allura. Ta ci abincinta duka.

Laraba, da yamma

An kira Auta ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce ba za a ɗauki tata ba. Na ce me ya sa, ta ce, "Ba ta dace ba, Baba." Ta kwashi kwanukan da ta riga ta wanke ta nufi famfo.

Ban bi ta ba. Ban tambayi kowa ba.

An ɗebi jinin Direba.

Asabar, da safe

Na je wajen masu sayar da magani na bakin asibiti, shago shago. Na ce allurar da ke gyara yanka. Ɗaya ya miƙo mini auduga da filasta.

Talata, bayan azahar

Ƙodar Direba ta dace. An sa rana, Litinin mai zuwa. Ya shigo ɗakin yana dariya kamar wanda aka yi wa kyautar mota, ya ce wa 'yarsa, "Za ki ɗauki injin babanki, bai taɓa tsayawa a hanya ba."

Ta ce, "Ba za a yanka ni ba. Kakana ya ce akwai allura."

Duk suka juyo suka dube ni. Na dubi fanka.

Likita ta zauna bakin gado ta yi ta lallashi. Auta ta yi faɗa, ta yi kuka, ta dawo lallashi. Rediyo ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, ta ce in aka matso za ta fizge bututun wuyanta. Kuma za ta yi. Taurin kan nan na san inda ta samo shi.

A waje likita ta ce ba za ta ja yarinya mai wayo zuwa ɗakin tiyata tana ihu ba. Bayan dashe akwai magani na kullum har ƙarshen rai, in ba da yardarta ba ranar da ta daina sha ƙodar babanta ta tafi a banza. Ta ce, "Baba, maganarku kaɗai take ji."

Na ce a ɗan jira.

Laraba, da sassafe

Direba ya zo gidana. Tun da ya auri Auta bai taɓa wuce zaure ba sai an ce ya shigo. Yau ya shigo. Ya durƙusa kamar kullum, ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi ƙafa, ya tambayi kwana.

Sannan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ban taɓa ɗaga ido na dube ku ba. Ni ban san faifai ba, ban san kwafi ba. Abin da na sani, ina da biyu, tana da babu. Na roƙe ku, ku sakar mini 'yata."

Na ce, "Ni na riƙe ta?"

Ya ce, "Ku kuka riƙe ta, Baba."

Ya dubi gwangwanayen da ke baje a ƙasa. Bai ce komai a kansu ba. Da ya zage su ya fi mini sauƙi.

Juma'a

Ba a zubar da yanki. Ba a zubar da yanki.

Litinin, da hantsi

An ba wani mutum ɗakin tiyata. Na ga an tura shi, wani mai gemu, matarsa tana bin gadon da buhun kaya. Ranarmu ce.

Auta ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye mini ruwa dai.

Alhamis, da rana

Zazzaɓi. Bakin bututun ya yi ja, yana ruwa. An cire an sa wani a ɗaya gefen. Nas ta ce wuraren sawa ba su da yawa a jikin yaro.

Juma'a, da safe

Ba ta gane ni ba. Ta kira ni da sunan malaminsu na lissafi, ta ce ba ta gama aikin ba, a ƙara mata lokaci. Littafin yana aljihuna.

Asabar, bayan la'asar

Jikinta ya yi ta fizga, idon ya juye. Suka kore mu waje. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar ƙafafunsu. Mai Tikiti ya zo, ban san wa ya kira shi ba. Ya zauna kusa da ni, bai yi tsiyar da ya saba ba. Can ya ce, "Majigi, ka tuna ranar da wuta ta kama faifai na uku?"

Na ce ya yi mini shiru.

Ya ce, "Na yi."

Litinin, da yamma

Zazzaɓin ya sauka. Ta yi kama da tsuntsun da ruwa ya daka.

Na ɗauki gwangwani ɗaya na tafi ofishin likita. Na jira har layi ya ƙare. Na ce ta rubuta mini inda masu binciken allurar suke, ko a bayan duniya ne zan aika. Na buɗe gwangwanin na nuna mata, na ce ta duba, shekara nawa, ba wanda ya narke.

Ta ɗauki yanki ɗaya ta ɗaga a fitila. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan matar me ya sa aka cire ta?"

Na ce, "Kafaɗarta ce a waje."

Ta yi murmushi ta ajiye. Ta ce, "Laifina ne, Baba, misalin da na ba ku ya yi daɗi da yawa. Kwafin da ke jikin mutum ba ya daɗewa. Ana yi, a yi aiki da shi, a narkar, a sake sabo, dare da rana. Babu ƙasan da yanki zai faɗa ya jira ku. Amma mu bar wannan. A ce gobe da safe an kawo allurar, ga ta a hannuna. Rariyar Rediyo ta riga ta mutu, ta zama tabo. Ba abin da ya rage da manajan zai ba umarni. Fim in ya ƙone, gam na mayar da shi?"

Na runtse ido. Na ga farin bangon silimar nan, na ga hoton ya tsaya, ya yi rami a tsakiya, ramin yana faɗi yana cin fuskar jarumin, zaure ya ɗauki ihu. Warin ma na ji.

Ta ce, "Me kuke yi in faifai ya ƙone?"

Na ce, "Mai Tikiti muke turawa a keke ya aro na wata silima."

Ni na faɗa da bakina. 

Na ce to masu yankan nan da ke jikinta, ba za su lalata sabuwar ba? Ta ce masu yankan ba su da laifi, alama suke bi. Ƙodar babanta da nata siton za ta zo, da nata faifan, alamarta lafiya lau. Dogo da gajere za su fito yadda ya kamata. Wannan ciwon ba ya bin ƙodar aro.

Na rufe gwangwani. Na kai ƙofa na tsaya, na ba ta baya, don ba zan iya faɗa ina kallon tabaran nan ba. Na ce, "Uwar Auta takalmina ta riƙa sawa shekararta ta ƙarshe. Nata sun daina shiga, ƙafar ta kumbura. Ta ce nawa sun fi laushi."

Ta ce, "Na yi zaton haka, Baba. Na gode."

Na ce, "Auta fa?"

Ta ce, "Wannan ita za ta gaya muku."

Talata, da hantsi

Na tone gwangwani na ƙarshe na samo shi, guntun faifai na uku, baƙi, ya ƙanƙance kamar ganda. Na kai wa Rediyo tare da reza da gam. Na ce ta haɗa mini. Ta taɓa shi ya ruguje a yatsunta.

Ta ce, "Wannan ai ya ƙone, Tsoho."

Na ce, "Haka ƙodarki ta yi."

Na gaya mata duka. Allurar ta wata cuta ce. Hoto ukun ba su faɗi ko'ina ba. Ban iya mayarwa ba, ba wanda ya iya. Na gaya mata yadda muke aro, da yadda mutane ke kallon faifan aron har ƙarshe ba wanda ya san ba namu ba ne.

Ta ce, "Ka yi alkawari."

Na ce, "Na yi."

"To na sake ka."

Na ce, "Mace ba ta saki."

"Wannan ta yi."

Ta juya ta fuskanci bango. Na zauna har aka zo korar masu dubiya. Ba ta juyo ba.

Laraba

Bango.

Alhamis

Bango. Ta karɓi ruwa daga hannun uwarta, daga nawa ta ƙi.

Juma'a, bayan la'asar

Likita ta zo zagaye. Rediyo ta yi magana, fuskarta a bango, kamar da shi take.

"In an sa ta Babana, nawa biyun zubarwa za a yi?"

Likita ta ce, "A'a. Suna nan inda suke, ba ma taɓa su. Sabuwar a ƙasa ake sa ta, nan gefen mara."

 Sai Rediyo ta juyo, ba likita ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce, "Ka ji? Ba a zubarwa."

Na ce na ji.

"To a yi. Amma ka gyara maɓallin nan, kana ba ni kunya gaban mutane."

Na fita baranda. Wani mai shara ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Litinin ta sama, da safe

Sai da zazzaɓin ya gama fita daga jininta aka sa sabuwar rana. Ban rubuta komai ba kwanakin nan, ina tsoron in rubuta ranar ta gudu.

An tura Direba da farko. Ya miƙa mini makullin mota ya ce, "Baba, ku riƙe, amma kada ku ja." Sannan Rediyo. Ta sa na buɗe gwangwani ta zaɓi yanki, matar nan mai kafaɗa, ta sa na yanko mata hoto uku. Nas ta ce ba a shiga da komai. Ta danƙa mini su ta ce, "Ajiya ce. In ka ɓatar, saki na biyu."

Suna tafin hannuna. Gumi ya manne su.

Litinin, da yamma

Sun fito. Duka biyun.

Laraba, da hantsi

Akwai wata leda da ke rataye a gefen gadonta, bututu na zuba a ciki. Na durƙusa na duba. Ta cika, ruwan garau kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na girgiza ta kaɗan. Babu kumfa. Nas ta kama ni, ta ce, "Baba, ku zauna." Na ce yau ba zan zauna ba.

Asabar, da rana

An kunna Rediyo. Ta ba nas labarin malamin lissafi, ta ba mai shara labarin nas, ta aika a gaya wa babanta injinsa yana shan ruwa da yawa. Idonta ya fito. Ashe haka fuskarta take. Ta karɓi ajiyarta, ta ƙirga, ta ce ta mai da ni amma da sharaɗi.

Ina cikin dariya Auta ta shigo da kwano daga ɗakin mijinta. Na ji takun kafin in gan ta. Ba takunta ba ne. Na dubi ƙasa, takalman mijinta ne a ƙafarta.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Ai yana kwance ne, Baba, kada su yi ƙura."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Kuma sun fi laushi."

Rediyo tana ta zuba, ba ta ji ba.

Litinin, da hantsi

Na bi layi. Da na shiga, likita ta cire tabarau ta murza idonta.

Na ce, "Allurar nan."

Ta ce, "Baba."

Na ce, "Ban yi wa kowa alkawari ba. Tambaya na zo yi. Rariyar da ba ta gama mutuwa ba, wadda manajan ke da sauran abin ba umarni, ita nake tambaya wa. Duk Litinin zan zo, ki ce mini ba a yi ba tukuna, in tafi."

Ta mayar da tabaranta. Sannan ta jawo kujera da ƙafarta, ta ce akwai ƙwayoyin magani da ke rage wa rariya nauyi, su ja mata kwana, an riga an fara ba wa mai rariyar. Ta ce in riƙa lura ko tana sha. Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban faɗa ba.

Direba saura ƙoda ɗaya gare shi. Nawa an ce sun tsufa.

Litinin, da yamma

Takalmin Direba ya yi wa Auta daidai.